Ɗakin da Aka Gina wa Yaya Thoa

Gidanmu irin na cikin lungunan Hanoi ne, siriri mai tsawo, hawa uku, bangon dama da na hagu manne da na maƙwabta. Taga sai ta gaba. Kakan mijina da ya gina shi ya bar wani fili a tsakiya babu rufi tun daga ƙasa har sama, abin da muke kira rijiyar sama. Ta nan rana take leƙo kicin, ta nan hayaƙin girki da tururin banɗaki suke ficewa. Babu wanda ya taɓa ɗaukarta a bakin komai. Mu dai mun san wurin shanya ce, kuma in hadari ya taso sai a kwashe takalma.

Mijina Vuong ne ya toshe ta, da zuciya ɗaya kuwa ya yi. Yayarsa Thoa ce za ta dawo daga Taiwan, inda ta yi shekara da shekaru tana jinyar tsofaffin mutane. Ita ta raine shi bayan rasuwar mahaifiyarsu, ba ta yi aure ba, ta tafi neman abin da za a riƙe gidan da shi. Kafin ta dawo tsohon ɗakinta ya zama namu, na kusa da shi na 'yarmu Bong, surukina Baba Khiem kuma yana ƙasa saboda gwiwa. Vuong ya ce ba zai yiwu Yaya ta dawo gidan ubanta ta rasa inda za ta ajiye jaka ba. Ya kawo magina suka zuba siminti a hawa na biyu, suka rufe rijiyar, aka ta da ɗaki a kai. Da ya taso daga shagonsa na kayan babur sai ya tuɓe riga ya kama aiki. Shi ya manna tayil, shi ya yi fenti, labulen ma shi ya zaɓo, mai furanni, duk da na gaya masa Yaya ba mai son furanni ba ce.

Ta iso ana tsakiyar sanyi, saura kaɗan bikin Tet, wato sabuwar shekararmu. Gajeriyar mace ce mai faɗin kafaɗa, ta aske gashinta kamar na maza, muryarta kuwa tun daga bakin lungu ake jin ta.

"Kai, wane ne wannan mai tumbin? Amarya, ina kika kai mini ƙanena?"

Amarya take ce mini har yau, ko da yake a lokacin Bong ta shiga firamare.

Vuong ya ja ta sama ya buɗe ƙofar sabon ɗakin. Ta tsaya a tsakiyar ɗakin tana kallo, ta shafa bango, ta taɓa labulen. Ta ce, "Kai ka yi wannan?" Ya ce shi ne. Ta ɗan buge shi a ƙeya kamar yadda take yi masa yana yaro, ta juya mana baya tana buɗe jaka don kada mu ga idonta.

Ba ta yi mako ba ta fara shanshana gidan. Za ka gan ta tsaye a kan matakala, hanci a sama, kamar mai neman inda ɓera ya mutu. Mu da muke ciki mun riga mun saba. Mun saba da warin soyayyen kifin jiya da ke kwana ya wuni, mun saba da tashi da nauyin kai, mun saba da tarin Baba. Shi kuwa Baba, da sanyi ya shigo sai ya hura kwal a kurfoti, ya shigar da shi ɗaki, ya ja ƙofa ya toshe ƙasanta da tsumma.

Wata rana da hantsi Yaya ta kunna turaren tsinke, ta riƙe shi a kicin, ta kira ni.

"Amarya, zo ki ga. Ina hayaƙin nan yake zuwa?"

Na duba. Ya tashi a miƙe, ya bugi sabon simintin, ya bazu, ya tsaya a kanmu kamar gajimare.

"Babu inda yake zuwa," na ce.

"To ashe kin gani."

Kurfotin ta fara kamawa. Ta ɗauke shi ta kai ƙofar gida, Baba ya dogara sandarsa ya je ya dawo da shi. Ta sake fitarwa, ya sake dawowa da shi.

"Ke, tun ba a haife ki ba nake jin ɗumin kwal."

"Shi ya sa ƙirjinka yake kuka kamar tsohuwar ƙofa, Baba."

"Ƙirjina ne ko naki?"

"Naka ne. Amma ni zan ɗauke ka in ka faɗi, kuma ka yi nauyi."

Ta san faɗa ba zai raba shi da wutar ba, domin sanyin da yake ji na gaske ne. Sai ta tafi kasuwa ta dawo da masu aiki biyu da iyakwandishan irin mai yin sanyi da zafi. Baba yana zaune a kujerarsa ta gora yana kallo suna huda bango suna jan bututu. Da aka gaya masa abin da na'urar take yi, ya girgiza kai.

"Da rani ta hura sanyi, da hunturu ta hura zafi? Wannan ai mai baki biyu ce. Ni ban yarda da mutum mai baki biyu ba, balle ƙarfe."

Yaya ta bari sai da ya fita shan shayi da abokan dararsa a bakin lungu, ta kunna, ta rufe ɗakin. Da ya dawo hannuwansa sun ƙage, ya shiga zai ɗauki hularsa ta ulu. Muka jira ya fito da faɗa. Shiru. Da na leƙa, yana kwance a kan gado da takalmi a ƙafa, yana barci baki buɗe. Bai taɓa yabon na'urar ba, amma da Yaya ta ba mai sayar da shayin kurfotin kyauta, bai tambayi inda ya shiga ba. Rimot ɗin kuwa a aljihun rigarsa yake kwana.

Aka yi Tet lafiya, sai yanayin laimar da muke kira nom ya sauka. Wanda ya zauna a garinmu ya san shi: iska ta jiƙe sharkaf, bango ya riƙa gumi, daɓe ya yi santsi kamar an zuba ruwa, wanki ya yi kwanaki bai bushe ba sai wari. A da muna jure shi. A wannan shekarar kuwa gidan ya zama kamar cikin tukunya mai murfi. Yaya ta koya mana rufe ƙofar gaba, ta danna wa na'urar Baba wani maɓalli mai hoton ɗigon ruwa, ta sa bokiti a bakin tiyon da ke fita waje. Da yamma ta kawo masa bokitin.

"Ka ga wannan? Duk daga iskar ɗakinka ya fito."

Ya leƙa ciki ya daɗe. Ya ce, "Ashe a kogi nake kwana."

Ɗakin Baba ya bushe, amma sauran gidan yana nan yadda yake. A cikin kwanakin nan ne numfashin Bong ya sarƙe. Ta dawo daga makaranta da rana, ta hau sama canza kaya, sai na ji shiru ya yi yawa. Na same ta zaune a bakin gado, kafaɗunta suna ɗagawa suna sauka, ƙirjinta yana fito, leɓenta ya fara canza launi. Ihu kawai na iya yi. Yaya ce ta haye matakalar, ta zaunar da ita a miƙe, ta riƙe fuskarta da hannu biyu.

"Kalle ni, 'yar Goggo. Ni kaɗai za ki kalla. Hura kamar kina fifita miya. Yauwa. Sake."

Muryar nan tata mai cika lungu ta koma ƙasa ƙasa, ko rawa ba ta yi. Ta ce in ɗauko babur. Ni na tuƙa, ita tana baya rungume da yarinyar, tana yi mata magana a kunne har muka isa asibiti.

Likita ta ce asma ce, ta ba da maganin shaƙa, sannan ta tambayi yadda ɗakin yarinyar yake. Na ce fes yake, kullum ina gogewa. Da muka koma gida ɗauko mata kaya, Yaya ta sa kafaɗa ta ture kabad ɗin Bong. Bangon da ke bayansa, wanda ya haɗu da sabon ɗakin, ya yi baƙi ƙirin da funfuna tun daga ƙasa har sama. Ƙarƙashin katifa ma haka. Na zauna a ƙasa ina kallo. Yaya ta ce, "Tashi, Amarya, ba ƙazantarki ba ce. Ko sau nawa kika goge zai dawo."

Bayan an sallamo Bong, muna cin abincin yamma, Yaya ta ajiye tsinkayen cin abincinta a kan kwano.

"Vuong, ɗakin nan sai an cire shi."

Ya ɗauka wasa take yi. "Labulen ne bai yi miki ba? A canza."

"Ba wasa nake ba. Rijiyar nan ita ce hancin gidan. Hayaƙin kicin da tururin wanka duk ta nan suke fita. Yanzu suna taruwa a ƙarƙashin gadona, suna shiga bango."

"To a sa irin na'urar Baba a kowane ɗaki mana."

"Za a sa a na Bong. Amma na'ura iskar da ta samu a ɗaki ita take juyawa. Tana busar da ita, tana tace ƙura, ba ta kawo sabuwa. Ko tsararren ruwa ka tace, in ba shi da mafita sai ya yi wari."

Fuskar Vuong ta canza. "Wato ni na sa wa 'yata ciwo ke nan."

"Ban ce haka ba."

"Kin ce mana. Kin je ƙasar waje kin dawo, yanzu komai namu wari yake yi miki. Kin san yadda bayana ya yi kafin in gama tayil ɗin nan?"

"Na sani."

"Ba ki sani ba, Yaya."

Ya tashi ya bar shinkafarsa. Baba bai ɗaga kai daga kwanonsa ba.

Na san Yaya, na kuma ɗauka washegari za ta kira magina ta sa a rushe, wanda zai yi fushi ya yi. Da ikonta, ita ce babba, kuma ba mace ce mai jira ba. A layin kasuwa ma ba ta iya tsayuwa. Amma ba ta yi haka ba. Ta kwashe kayanta daga ɗakin, ta share shi, ta ja ƙofar, ta kafa gadon naɗewa a ƙarƙashin matakala kusa da ɗakin Baba. Bong kuma ta mayar da ita ɗakin Baban, inda iska take a bushe. Ta ɗaure hanci da ƙyalle ta kankare baƙin bangon da kanta, ta hana ni taɓawa. Duk safiya sai ta zuba wa Vuong shayinsa ta tura masa, shi kuma ya sha bai dube ta ba.

Na same ta tana yanka ganye na ce, "Yaya, ki kira maginan kawai. Zai huce."

Ta ce, "A'a. Shi ya gina, shi zai rushe. In na taɓa ɗakin nan da hannuna, abin da zai riƙe har ya tsufa shi ne ya yi mini kyauta na watsa masa a fuska."

"In ya ƙi fa?"

"Ba zai ƙi ba. Ni na raine shi. Taurin kai gare shi, ba mugunta ba. Yana ƙarami in ya ƙi wanka, sai in ajiye ruwan in tafi."

Ta ci gaba da yanka. Can ta ce, ba tare da ta dube ni ba, "Kin san tun da na bar gidan nan ban taɓa kwana a ɗakin da yake nawa ba? Kullum a gefen gadon wata tsohuwa, kunne a buɗe. Daren farko da na rufe ƙofar can, na rasa yadda zan yi da kaina don daɗi."

Ashe Vuong yana kan matakala, ya sauko ɗaukar makullin babur. Na ga ƙafafunsa sun tsaya, sun daɗe, sannan suka koma sama.

Ranar Lahadi da sassafe muka ji ana sauke kaya a ƙofar gida. Shi ne da magina biyu, da guduma, da injin fasa siminti. Bai yi wa kowa bayani ba. Ya hau ya cire labulen ya naɗe, ya kwance ƙofar ya jingine ta. Sannan ya leƙo ƙasa.

"Yaya, ki kwashe tukwanenki, in ba so kike ki ci miya da siminti ba."

"Ka dai kula da ƙafarka, mai tumbi. Ban da ƙarfin jinyar mutum biyu."

Muka kai Bong gidan ƙanwata saboda ƙura. Baba ya ƙi fita. Ya ɗaure hanci, ya sa aka ajiye masa kujera a bakin ƙofar ɗakinsa, yana nuna wa maginan da sanda inda tsohon bakin rijiyar yake, domin shi ya san inda ubansa ya tsayar da ita. Vuong da kansa ya ɗaga tayil ɗin, ɗaya bayan ɗaya, a hankali, wai kada su fashe. Wajen azahar injin ya huda. Wani guntun siminti ya faɗo, sai ga haske ya sauko kamar sanda ya tsaya a tsakiyar kicin. Na ji iska ta taɓa mini wuya daga baya, ta shigo ta ƙofar gaba tana neman sama. Ƙurar da ta cika gidan ta fara hawa tana bin hasken.

Yaya tana tsaye da tsintsiya. Ta ɗaga kai ta dubi ƙaninta ta cikin ramin, ya yi fari fat da ƙura, sai idanu.

"Sannu," ta ce.

"Ke ma sannu," ya ce.

Sauran aikin tare suka yi shi, suna gardama a kan kowane ƙusa. Aka yi wa bakin rijiyar hula ta gilashi a can sama, a ɗage, da tazara a gefe don iska ta fita, da fanka mai zuƙo iska waje, wadda ake kunnawa lokacin girki da bayan wanka. Aka sa na'ura a ɗakin Bong. Yaya ta nuna wa Vuong yadda ake zare ragar da ke cikinta a wanke, ta ce wannan aikinsa ne, ita ba ta kai tsawo ba. Da ta zo kan turaren da Baba yake kunna wa hoton matarsa kullum, ya ɗaga mata hannu.

"Nan kuma ki tsaya. Uwarki ba za ta zauna babu turare ba."

"Wa ya ce a hana ta? Tsinke ɗaya dai maimakon dami, a kuma buɗe taga. Inna ma ai ba ta son hayaƙi, kai ka manta yadda take korarka waje da tabarka."

Ya yi dariya har tari ya kama shi.

Tarin nasa bai tafi ba, ƙirjin da ya sha kwal da taba shekara da shekaru ba ya komawa sabo. Amma ya samu barci, ya daina tashi da jiri. Bong tana yawo da abin shaƙarta a jaka, sai dai ba mu sake komawa asibiti a guje ba. Yaya kuwa ta ci gaba da kwana a ƙarƙashin matakala. Na ce ta koma ɗakin Bong su zauna tare, ta ce yarinya mai tasowa tana son wurinta. Vuong ya ce zai ta da mata wani a kan rufi ta gaba, inda ba zai tare komai ba. Ta ce ya bari bayansa ya warke tukuna.

Ruwan farko mai ƙarfi na bazara da rana tsaka ya zo, da iska mai kaɗawa ta gefe. Muna zaune sai muka ji shaa a kicin. Tazarar da aka bari a gefen gilashin ta yi faɗi, ruwa yana shigowa kamar ana juye bokiti. Kafin mu kawar da buhun shinkafa daɓe ya cika.

Vuong ya fito yana tafa hannu. "Yauwa! Ga hancin gida yana yoyo! Wa ya ce a ƙara faɗin? Na ce ya isa, aka ce ban san komai ba!"

"Ni na ce," in ji Yaya. Ta kifa roba a ka tana dariya. "Na yi kuskure, sai ka rubuta a goshinka. Ɗauko ledar nan da igiya, ka bar surutu."

Suka haye sama su biyu cikin ruwan. Ni da Bong muka kama kwalfewa, Baba yana daga bakin ƙofarsa ya naɗe ƙafar wando. Muryoyinsu suna saukowa ta cikin rijiyar tar, kamar a gabanmu suke.

"Ja ta can! Ba nan ba, can!"

"Ina ja mana! Ke ce kika taka igiyar!"

"Riƙe ni, kada iska ta tafi da ni."

"Wace iskar ce za ta iya ɗaga ki, Yaya?"

Muka ji ɗas, alamar ƙeya ta sha hannu. Baba ya girgiza kai, ya ce in ɗora ruwan citta a wuta, domin yaran nan biyu za su sauko da mura.